Shekarar da Tsutsa ta Shiga Garkar Baba

Idan Baba ya yi maka kyautar albasa, juya ta ka duba gindinta. Za ka tarar an sa wuƙa an ƙwaƙule wurin da saiwa ke fitowa. Ba marowaci ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Lokacin cire albasa babu gidan da kwandonmu ba ya shiga a unguwarmu a Aliero: gidan liman, gidan malaman allo, gidajen zawarawa, har rugar Fulanin da ke sauka a gonarmu bayan kaka. Amma kafin kwando ya fita sai ya zauna a zaure da 'yar wuƙarsa, ya bi albasar ɗaya bayan ɗaya yana cire mata gindi. Wanda aka kai wa ya yi godiya, ya kuma san dole ya cinye ta da wuri, don albasa mai rauni ba ta ajiyuwa. Ina yarinya na ɗauka haka ake kyautar albasa a ko'ina cikin duniya.

Dalilin shi ne iri. Albasar da aka cire wa gindi ba ta shukuwa, wadda ba ta shukuwa kuwa ba ta yin fure, balle ta ba wani irin gidanmu. Kakanmu ne ya faro shi. Kowace shekara yana ware albasar da ta fi ja, ta fi tauri, ta fi siririn wuya, har gidanmu ya samu wata albasa da duk mai garka a ƙasarmu zai gane ta ko a cikin tsibin wani. Tana da faɗi kamar an danne ta da tafin hannu, ɓawonta ja ne mai duhu, yajinta kuwa sai ka yanka guda a tsakar gida mai daka a bayan ɗaki ta yi hawaye. Babban abin shi ne haƙurinta. Za ta kwana a rudu, wato rumfar karan da ake ajiye albasa, damina ta zo ta wuce tana nan ƙalau, alhali ta mutane ta ruɓe tun ruwan tsakiya.

Irin albasa yana da wani hali da wanda bai noma ta ba bai sani ba: ba ya jiran mutum. Gero ka ajiye shi shekaru ya tsiro, amma ɗan albasa idan ya zagayo shekara ya mutu a cikin gora. Saboda haka kowace shekara sai an sabunta. Baba zai zaɓi iyaye daga rudu, ya yanke musu kai, ya dasa su a wani ɓangare na garka kusa da danga. Su fitar da dogon kara mai rami a ciki, kan ya yi farin fure, furen ya bushe, a sussuke, a sheƙe, a zuba baƙaƙen 'ya'yan a gora a toshe da tsumma. Goran yana rataye a turakarsa, kuma ba a taɓa ce mana kada mu taɓa shi ba, don ba a bukatar a faɗa.

Al'adar masu garka a wajenmu ita ce ba ka ba kowa iri sai ka yafa naka, don kada ka ba da sa'ar shekara. In ka gama, abin da ya saura na 'yan'uwa ne da maƙwabta. Baba ya riƙe rabin farko na al'adar da hannu biyu, rabin na biyu kuwa ya yi kamar bai taɓa jin sa ba. Dashen da ya yi saura awaki yake zuba wa. Albasar sayarwa kuma ba ta shiga kasuwar gari, sai ya jira masu manyan motocin da ke lodi zuwa Kudu, ya tsaya a kai har a ɗaure tamfol.

Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, yana zaune a Jiga Makera. Na taɓa jin su ta bayan zana ina wanke-wanke.

"Yaya, ubanmu guda fa," in ji Baffa. "Irin ga na tsoho na, ba kai kas samo shi ba."

"Ni yab ba ajiya," Baba ya ce. "Garkakka tana tsakiyam mutane. In yay yi hure, ƙudan zuma su gauraya shi da na kowa, ya lalace. Sannan ka ce mani mi?"

Yana da gaskiyarsa, shi ne abin haushin. Baffa ya shura takalmansa ya tafi, kuma ko da yake ba su daina gaisawa ba, bai sake tayar da maganar ba.

Ni ce 'yar fari. A gidanmu wannan yana nufin Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. In yana son ruwa sai ya ce wa bango, "A kawo ruwa," ni kuma in san da ni ake. Ban taɓa jin haushin haka ba. Na ma ɗauke shi wata irin sarauta, kuma duk cikin 'ya'yansa babu wanda ya kai ni tsare dokarsa. Ƙannena sun sha baƙar magana a bakina a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da aka aurar da ni Andarai, can ƙasar Maiyama, mijina ma mai garka ne. Ya aika a roƙa masa iri ta bakin manya, aka dawo masa da gaisuwa mai kyau da kwandon albasa marar gindi. Na yi masa dariya har ya ji haushi.

Shekarar da nake son ba da labarinta, lokacin muna jihar Sakkwato ne, ba a yanko Kebbi ba. Damina ta yi rowa, ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba. Ni kuma na dawo gida goyon ciki, na haifi ɗana na fari a ƙarshen daminar. Garkarmu tana bayan gida, danga kawai ta raba mu, ina kwance a ɗaki ina jin kukan jigo idan ana ban ruwa.

A garka akwai abin da yake na mata. Fangali na maigida ne, amma bakin fangali, wato 'yar kunyar da ke tare ruwa, na matar gida ne. Nan Inna take watsa alayyahu da lalo da 'yar yakuwa, su sha ruwan da albasa ta rage. Da shi take miya, da shi take sayen sabulu da goro, kuma babu namijin da ke tambayar ta lissafi. A shekarar alayyahunta ya yi kyau fiye da kullum, don ko'ina daji ya bushe, garka ce kaɗai kore.

Abin da muka fara gani faɗa-wuta ne, irin ƙananan nan masu launin toka da ƙasa-ƙasa, da ɗan ɗigo a fiffike. Da rana suna laɓe ƙarƙashin ganye. In Inna ta ratsa cikin alayyahu sai su tashi ƙasa-ƙasa, su yi ɗan tsalle su sake faɗawa gaba. Ba wanda ya kula su. Wa zai tsaya kallon faɗa-wuta? A bayan ganyen kuma akwai wani abu fari-fari kamar an manna ɓurɓushin auduga. Sai bayan shekaru, da malaman gona suka fara zagaya garake, na ji cewa ƙwan faɗa-wutar ne a ƙarƙashin audugar nan, kuma tsutsar 'yarta ce. A lokacin kowa cewa yake raɓa ce ke haifar tsutsa idan ruwa ya ɗauke da wuri.

Wata safiya Inna ta shigo da alayyahun miya, ta zauna gyarawa, sai na ji ta yi tsaki. Ganyen duk ya zama rariya. A jiki ga tsutsotsi kore, wasu sun yi duhu, da farin layi a gefe, in ka taɓa su sai su naɗe su faɗi ƙasa. Kaji suka yi biki a tsakar gida. Muka yi dariya, Inna ta ce yau miyar kuka za a sha, kowa ya yi haƙuri.

Baba bai yi dariya ba. Ya riga ya yafa iri, dashen ya fito sirara kamar gashi, kuma ya ga tsutsa ɗaya-ɗaya a gefen fangalin. Ya shigo gida da fuskar da muka sani.

"A tuge alayyahun ga dut. Yau."

"Malam, mi yay yi maka?" in ji Inna.

"Shi yak kirawo ta."

Inna ba don ta san wani abu ta yi gardama ba, miyarta take karewa. Ta kuma san gardamar ba ta da amfani. Kafin azahar an tuge alayyahu kaf, an tara shi tsibi-tsibi a jikin danga, a kan in ya sha iska a kwasa wa awaki. Jikin dangar nan kuwa nan ne wurin dashe, nan ne kuma aka tanada don iyayen albasa. Ganye ya yi yaushi a rana, tsutsa ta rasa abin ci, ta sauko. Washegari da aka je kwasa, tsibin babu komai sai kara, ƙasa kuma tana motsi.

Dashen farko bai kai ko'ina ba, tsutsa ta aske shi har ƙasa. Baba ya sauke gora ya sake yafawa, wannan karon ya juye shi duka, don lokaci yana wucewa. Ya zagaye fangalin da toka. Ya karɓo rubutu wurin malam aka zuba a ruwan ban ruwa. Dashen na biyu ya tashi, aka dasa, muka ce an tsira.

Ashe tsutsar ta koyi wani abu da alayyahu bai ba ta ba. Lawashin albasa rami gare shi. Tun tana ƙarama take huda shi ta shige, ta zauna a ciki tana kankare shi ta ciki, ta bar fatar waje kawai. Daga nesa garka kore shar. Sai ka matso ka ga kan lawashin ya yi fari yana sheƙi, in ka ɗaga shi saitin rana ka hango inuwarta a ciki tana ci. Toka ba ta kai mata. Maganin feshin da Baba ya je har Jega ya sayo, wanda bai taɓa yarda da shi ba a rayuwarsa, shi ma a waje ya tsaya. Ya kashe ƙadangaru da kwaɗin bakin rijiya, tsutsa tana ɗaki a kwance.

Sai aka koma hannu. Lokacin na gama wankan jego, na goya ɗana na shiga garka tare da kowa. A bi lawashi ɗaya bayan ɗaya, a laluba da yatsu biyu daga gindi zuwa sama, in an ji ta a murje. Hannu ya yi kore, ya yi wari, ido yana ruwa saboda yaji. Na tsani tsutsar nan tsana irin wadda ake yi wa mutum. Ina murje ta ina zaginta da uwarta da ubanta, Inna tana ce mini in yi hankali, mai jego ba ta ashar. Ka gama fangali yau, jibi ka dawo ka tarar da sababbi ƙanana, don faɗa-wutar tana nan tana zuba ƙwai, mu kuwa ko kallon ta ba ma yi.

Duk wannan Baba yana cewa ba komai, albasar sayarwa ta tafi ta tafi, in dai iyaye sun yi fure. Sun fitar da kara kuwa, dogaye masu kyau, kawunan sun fara buɗewa. Amma karan ma rami gare shi. Wata la'asar na kai masa ruwan alwala, na same shi tsaye a jikin danga. Karan sun karye daga tsakiya, kawunan sun kifa ƙasa, fure bai gama zama ɗa ba. Yana ɗaga su ɗaya-ɗaya yana tokare su da tsinken kara, yana ɗaurewa da zaren da ya warware daga bakin rawaninsa. Na ajiye butar na koma, ban bari ya san na gani ba.

Inna ba ta taɓa tayar da zancen alayyahu ba, ko sau ɗaya. Shekarar ko gabu ba ta daka ba, don babu lawashin kirki da za a daka.

Na koma Andarai kafin bazara. Sauran labarin a bakin masu zuwa cin kasuwa na riƙa jin sa. 'Yan ƙananan albasar da aka tsira da su an sa a rudu, amma wuyansu ya riga ya yi rauni, ruwan farko suka ruɓe. Kawunan da Baba ya ɗaure sun ba da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Da damina ta ja baya ya yafa shi, ya yi ta ban ruwa safe da yamma, ƙasa ta ƙi cewa komai. 'Ya'yan ba su da ciki.

Bayan wannan ne mijina ya dawo daga kasuwar Jega ransa a ɓace. Ya daɗe yana wanke ƙafa kafin ya yi magana.

"An ce Baba shina yawo gari-gari bisa keke, shina tuhumam mutane da sata."

Na ce ƙarya ake yi masa. Ya ce ba ƙarya ba ne. Baba ya je Jiga Makera ya tambayi Baffa ko ya taɓa ɗaukar albasa mai gindi daga rudu. Baffa ya tashi tsaye, ya ce a ɗauko Alƙur'ani ya dafa. Ya je Birnin Malam wurin wani mutum da ya yi masa ƙwadago shekaru, mutumin ya fashe da kuka, ya ce ashe kallon da ake yi masa ke nan. Ya bi 'yan dakon da ke loda mota a Jega yana tambayar ko buhu ya taɓa ɓallewa a hanya wani ya tsinta. Mutane suka fara cewa asara ta taɓa masa kai. Ni kuwa na ji kunya, na kuma ji haushinsa, na ce a raina tsufa ya zo masa da rashin ta-ido.

Ban yi zaton zai zo wurina ba. Uba ba ya zuwa gidan auren 'yar fari haka kawai. Ranar ina tsakar gida ina shanya kuɓewa, da rana tsaka, na ji sallamarsa. Mijina ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya gaishe shi a durƙushe, ya kai masa ruwa da fura, sannan ya shigo ya ce mini, cikin mamaki, wai ni yake son gani. Shi kuma ya zame ya fita ta baya.

Na ja mayafi na durƙusa a bakin ƙofar zaure, na juyar da fuska gefe. Ya rame. Ƙafafunsa sun yi futu-futu da ƙasar hanya. Ya tambayi lafiyar yaro, yana kallon keken da ya zo a kai. Ya tambayi ruwan bana. Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Da anka kawo ki gidan ga," ya ce, "cikin kayanki, ba a sa komi ba? Ko ɗan ƙulli?"

Raina ya ɓaci nan take. Ni? Duk cikin 'ya'yansa ni zai zo har ɗakina ya tambaya?

"Baba, ni ɗiyakka ta," na ce. "Ban taɓa kai hannu ga goran nan ba, kuma ba a shibka irinka gidan ga ba. In kana so ka zagaya garka ka diba."

Da alfahari na faɗa. Na jira in ji ya ce madalla. Da ban ji ba sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga ido na dubi fuskarsa. Babu fushi a cikinta ko kaɗan. Fuskar mai roƙo ce. Nan na gane abin da Baffa bai gane ba, da mutumin Birnin Malam, da duk 'yan kasuwar Jega. Ɓarawo yake nema ido rufe, don ya durƙusa ya roƙe shi tafi ɗaya na iri, kuma duk wanda ya rantse masa ƙara kashe shi yake yi.

"Ki yi tunani da kyau," ya ce a hankali. "Ba hwaɗa za ni yi ba. Ko uwakki tab ba ki. Ko mijinki ya aje guda bayan ɗaki. Ko guda ɗai ta."

Akwai abin da bai sani ba, har ya koma ga Allah ban gaya masa ba. Ranar da za a kawo ni Andarai, Inna ta ja ni bayan rumbu ta danƙa mini wani ɗan ƙulli a tsumma. Ta ce in ba mijina ya yafa a ƙarshen garka, kada in gaya wa kowa, abu ɗaya a gida ɗaya ba ajiya ba ne. Ni kuwa, amarya da lalle a hannu, na mayar mata. Na ce in ba ta zuba shi a gora ba kafin a tafi da ni, zan gaya wa Baba. Ta dube ni, ta dube ni, ta juya ta mayar. Na shiga mota ina jin babu 'ya ta gari kamata a duk ƙasar Gwandu. Da na karɓa, da a ranar da Baba ya zo mijina ya zagaya bayan gida ya cika wa tsohon nan aljihu.

"Babu, Baba," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya dubi furar, bai sha ba. Ya dafa bango ya miƙe, ya naɗe ƙafar wandonsa saboda sarƙar keke, ya fitar da keken waje. A bakin ƙofa ya tsaya, bayansa gare ni.

"Kin kyauta," ya ce. "Allah shi yi maki albarka."

Ita kaɗai ce albarkar da ya taɓa sa mini baki da baki, tun haihuwata har rasuwarsa. Na tsufa yanzu, na san nauyin albarkar uba, na kuma ga amfaninta a kaina da 'ya'yana. Amma Allah ya gafarta mini, da za a ce in mayar da ita a ba ni ƙullin nan in miƙa masa kafin ya hau keke, da na mayar.